Tumbin Malam Halliru

Kebbe, 14 ga Maris, 1962

Zuwa ga taubashiyata Malama Bara'atu, mai koya wa 'yan mata girki da tsabta a Tambuwal.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kin sha ruwa lafiya, kin yi sallah lafiya, ke da maigidanki Malam Na'iya da yara. Mu nan sai godiya. Zafi ya fara, shanu na ta gangarowa fadama, aikin allura ba ya ƙarewa.

Bayan haka, kada ki yi dariya, ko da yake na san sai kin yi. Kafin azumi an kira mu malaman dabbobi zuwa Sakkwato likita ya duba mu. Da na hau sikeli sai ya cire tabarau ya goge ya sake dubawa. Ya sa tafinta ya gaya mini kitse ya danne mini zuciya, in ban rage wannan tumbi ba, ba lalle in ga girman abin da ke cikin matata Hinde ba. Na yi dariya a gabansa, amma maganar ta biyo ni har gida.

Ga shi Hinde ta tafi goyon ciki gidansu a Fakku, ba ta dawowa sai ta gama wanka. Gidana babu hayaƙi, duk abin da zan sa a baki sai na saya. Da safe wainar Kulu, wadda ke iyo cikin man gyaɗa. Da rana fura, matan Fulani kuwa ba su yarda malamin dabbobi ya sha babu curin man shanu a kai. Da la'asar tsire a bakin kasuwa, da almuru tuwon gidan Marka. Ranar kasuwa ba a magana.

An ce kin je kos kin koyo yadda Turawa ke auna abinci. Kakanki da kakata ciki ɗaya suka fito a Jabo, amma ni ban taɓa samun komai daga wannan zumunta ba sai zagi. Yau ki yi mini rana. Ki rubuto mini abin da zan saya da abin da zan kau da kai in wuce.

Ni ne bawanki, tun da kin ce ɗan mace bawan ɗan namiji ne,
Halliru.

*

Tambuwal, 26 ga Maris, 1962

Zuwa ga bawana Halliru mai tumbi.

Na gaishe ka, na gai da tumbin dabam, tun da shi ma mutum guda ne. Muna lafiya, sai ƙaramar tawa da ke fama da haƙori. Malam Na'iya ya ce a gaishe ka da aiki.

Takardarka ta iso, na yi dariya har 'yan ajina suka leƙo. Na ji labari likitan nan yana tafe Kebbe da wuƙa, duk wanda bai rage ba za a yanke masa a bainar jama'a. Ka shirya tabarma.

To saurara. Turawa na da wani awo da suke kira kalori, wato yawan wutar da abinci ke hura wa jiki. In wutar ta fi aikin da jiki ke yi, ragowar sai ta daskare ta zama kitse. A wannan awo babu abin da ya kai mai nauyi. Waina biyu na Kulu sun fi akushin zogale.

Ga gwajin da nake koya wa yara. Ka yagi 'yar takarda ka ɗora abincin a kai. In ya bar maiƙo har haske na ratsawa, bar shi. Waina da ƙosai da ƙuli-ƙuli mai ɗumi, ka yi musu sallama. Da safe ka sayi koko. Da rana ka nemi mai kwaɗon zogale ka ce ta ɗebar maka kafin ta zuba mai. Fura ka sha rabin wadda ka saba, da tsala, ban da kindirmo, ban da man shanu ko sun yi fushi. In nama ya kira ka, ka sayi balangu ka ce mahauci ya yanke kitsen, ko ka sayi bandar kifi, ga ku bakin ruwa. Tuwo malmala ɗaya, ka karkata kwanon miya man ya koma gefe. 'Ya'yan itace kuwa ka ci iyakar cinka.

Na san ka, Halliru. Ranar bikin Hadijatu kai ka cinye kan rago kai kaɗai ka ce kare ne. In ka riƙe wannan doka wata guda, zan yarda akwai mutum cikin zuriyar kakarka.

Uwargijiyarka,
Bara'atu.

*

Kebbe, 29 ga Afrilu, 1962

Zuwa ga Malama sarauniyar kalori.

Gaisuwa da ban girma irin na dole. Ina fata haƙorin yarinya ya fito. Labarin Fakku lafiya, an ce nauyi ya yi nauyi, ana jira.

Albishirinki. Na ƙara huda biyu a ɗamarata, wandon kaki na zamewa sai na riƙe. Keke da ke kuka in na hau, yanzu shiru yake yi.

Amma kin haɗa ni faɗa da gari. Ranar da na fitar da takarda na ɗora wainar Kulu a kai, mutane sun gani. Kin san ma'aikacin hukumar En'e in ya duba abu ya ajiye, sai a ce ya ga ƙazanta. Kwana kaɗan masu sayenta suka ragu. Ta zo har ƙofar gidana ta tsaya ta ce, "Malam, mi niy yi maka? Shekara fuɗu kana cin wainag ga, yau ta zama abin gwaji? In wani abu kag gani, faɗa man." Na yi mata bayanin kalori, ta dube ni kamar na taɓu. Yanzu kullum ina saye ina ba maƙwabta, don a ga hannuna a tandarta.

Abu ɗaya ke damuna, ƙishirwa. Ban taɓa ganin bazara irin ta bana ba. Randata ba ta wuni da ruwa. Akwai wata mata mai suna Tambaya, mai kunun zaƙi kusa da masallaci, ta zama aminiyata, ƙwarya nake sa ta cika mini safe da yamma. Na gwada shi a takarda, babu maiƙo ko ɗigo. Mangwaro kuma ya nuna, ina bin umurninki, ina ci iyakar cina.

Ki shirya yarda da zuriyar kakata.

Halliru.

*

Tambuwal, 20 ga Mayu, 1962

Zuwa ga Halliru mai ragowar tumbi.

Barka da sallah, Allah ya maimaita mana. Ina fata ba ka bi kitsen layya gida gida ba.

Wallahi ka ba ni mamaki. Na ba 'yan ajina labarinka, ban faɗi suna ba, na ce akwai wani ƙaton malami da ya ji magana ya ga amfaninta. Huda biyu cikin wata guda, ko a littafin da aka koya mana ban ga mai saurin haka ba.

Ƙishirwa kuwa bazara ce, mu ma nan haka muke. Kunu ba laifi tun da ba mai, sai dai kada ka mai da shi tuwo. Ka gai da Kulu, ka ce ta yi haƙuri, ba da ita ake ba.

Ci gaba, bawana. Kada ka tsaya yanzu da abin ya karɓe ka.

Bara'atu.

*

Kebbe, 17 ga Yuni, 1962

Zuwa ga Malama Bara'atu.

Gaisuwa mai yawa. Ruwa ya sauka nan, an yi shuka. Ina fata ku ma haka.

An sauka lafiya a Fakku bayan sallah da 'yan kwanaki, namiji. Kin san na fari ne, ban je suna ba, na aika da rago da goro na ɓuya a rugar abokina Bube har aka watse. Ban gan shi ba tukuna. An ce yana da kumatu, to ya kwashe nawa ke nan.

Don ni yanzu babu. Bube da muka shekara muna aiki tare, da na isa rugarsa sai da na yi magana kana ya gane ni. Ya ce, "Malam, wa yam mai da kai haka?" Na ce wata malama ce a Tambuwal.

Zan gaya miki abin da ba mai jinsa sai taubashi. Ruwan da nake sha ba ya zama, yadda ya shiga haka yake fita, buta ta gaji da ni. Tururuwa kuma sun gano inda nake tsugunawa, ina tashi suna taruwa. Ko su sun san na zama ɗan gayu. Idona ya fara yi mini hazo, lambar kwalbar magani sai na kai ta hanci. Wata saniya ta taka mini babban yatsa tun kafin sallah, har yau bai rufe ba, abin mamaki kuma ba ya ciwo.

Ranar Cika-ciki na karya dokarki. Yunwa ce ke cina kamar ban taɓa cin abinci ba. Na ci tuwon Marka malmala uku, na ci wainar Kulu har ta yi mini guɗa. Da safe na ɗaura ɗamara, ta ƙara yin sako-sako. Awonki ya kama jikina har ba ya jin waina.

Da saniya aka kawo mini tana ci tana ramewa, da na ce a ware ta daga garke. Da ba ke ba ce, Bara'atu, da na ce tsoro nake ji. Amma na san abin da za ki yi da maganar, har jikokina sai sun ji.

Ki rubuto mini ko haka abin yake yi.

Bawanki,
Halliru.

*

Tambuwal, 2 ga Yuli, 1962

Halliru,

Gaisuwa. Barka da samun ƙaruwa, Allah ya raya. Takardarka ta yi kwanaki a hannun ɗan kasuwar da ka ba, jiya ta iso.

Ba haka abin yake yi ba. Ina karanta wa Malam Na'iya zancen tururuwa a zaure muna dariya, maƙwabcinmu Malam Ɗangiwa malamin asibiti yana zaune. Bai yi dariya ba. Ya sa na maimaita masa tun daga ƙishirwa. Ya ce wannan ba aikin zogale ba ne, ciwon sukari ne. Zaƙi ne ya cika maka jini yana fita ta fitsari, shi ke jawo tururuwa, shi ke cin naman jikinka. Ramar da muke murna da ita ciwon ne.

Ka bar kunun zaƙi yau ɗin nan. Ka bar mangwaro da zuma da duk abin da ke da zaƙi. Ka nemi izini ka taho Tambuwal, Malam Ɗangiwa zai sa ka a mota zuwa babban asibiti a Sakkwato, akwai allurar da ake yi. Ya ce yatsan nan da ba ya ciwo ya fi komai tayar masa da hankali. Kada ka jira Hinde ta gama wanka, kada ka jira ƙarshen wata.

Hankalina a tashe yake. Ka taho.

Bara'atu.

*

Kebbe, 13 ga Yuli, 1962

Zuwa ga gwanar taubasai.

Ki yi haƙuri da manyan baƙaƙe, da su nake ganin abin da nake rubutawa. Muna lafiya.

Kai, Bara'atu, kin iya! Saura kaɗan ki kama ni. Har na fara naɗe tabarma, sai na tuna shekarar da kika aiko cewa Goggo ta Jabo na kan gargara tana kirana, na tuƙo keke cikin rana, na tarar da ita tana ɗaurin akuya tana tambayata lafiya. Na tuna likita mai wuƙa da har yau bai iso Kebbe ba. Da na sake dubawa na ga ko bawa ba ki kira ni ba, nan na gane kin zauna kin shirya wannan da kyau. Har da aron sunan malamin asibiti.

Da mai ne abokin gaba, yau zaƙi. Gobe ki ce ruwa. Kina so in iso Tambuwal ina ɗingishi ki tara 'yan ajinki su ga ƙaton malamin da kika mayar sanda. Ban zuwa.

Kunun Tambaya shi kaɗai ke tsaya mini a ciki yanzu, in na bar shi me zan sha? Ƙafar ta ɗan kumbura, na sa mata maganin da muke sa wa shanu. In hanya ta bushe zan je Fakku in ga mutumin, daga nan in zo ki ga aikinki.

Wannan karon ni na ci.

Halliru.

*

Tambuwal, 21 ga Yuli, 1962

Zuwa ga ɗan'uwana Malam Halliru ɗan Maryama.

Na ajiye wasa. Na ajiye taubasantaka, in ka so kada mu sake ɗaukarta har abada.

Wallahi, tallahi, na rantse da Allahn da ya halicce ni da kai, abin da na rubuta maka gaskiya ne. Na rantse da kabarin kakana da na kakarka. Ka taɓa jin na yi rantsuwa a kan wasa? Zancen Goggo ƙarya na yi, zancen wuƙa ƙarya na yi, wannan ba ƙarya ba ne. Ciwon nan yana kisa, Halliru, kuma ya yi nisa a jikinka.

Ban yarda da 'yan kasuwa ba kuma. Malam Na'iya zai kawo maka wannan da hannunsa, tare da 'yar takarda daga Malam Ɗangiwa, ya taho da kai ko a kan jaki ne. In ba ka yarda da ni ba, ka yarda da shi, shi ba abokin wasanka ba ne.

Ka tuna abin da ya sa ka fara rubuto mini. Ko ganin yaron ba ka yi ba.

'Yar'uwarka,
Bara'atu.

*

Tambuwal, 9 ga Agusta, 1962

Malam Halliru,

Gaisuwa. Malam Na'iya ya kai bakin gulbi ya tarar ya cika ya tumbatsa, masu jirgi sun ƙi fitar da kowa. Ya kwana biyu yana jira, hutunsa ya ƙare, ya bar takardun a hannun wani masunci da ya yi alkawarin haye da su in ruwa ya ja. Ban san ko sun iso ba.

Duk wanda ya fito daga wajenku ina tare shi a kasuwa. Wani ya ce ya ga keken malamin dabbobi a jingine, ciyawa ta fito ta cikin ƙafarsa.

Ko layi ɗaya ne ka sa a rubuto. Ko zagi ne.

Bara'atu.

*

Kebbe, 16 ga Satumba, 1962

Daga Hinde matar marigayi Malam Halliru zuwa ga Yaya Malama Bara'atu. Malam Namadi na makarantar Kebbe ya rubuta yadda ta faɗa.

Yaya, ina gaisuwa, ina yi muna ta'aziyya baki ɗaya. Na san labari ya kai gare ku. Allah ya yi ma Malam rasuwa ran Laraba ta farkon watan jiya. Allah shi gafarta mashi, shi ba mu haƙuri.

Ni ban san komi ba ina Fakku. Duk saƙon da yaka aikowa, lafiya lau. Kulu mai waina ita tat tako da ƙafa cikin ruwa taz zo tac ce ma innata, in kuna son ɗiyarku ta ga mijinta ku sake ta yanzu. Da nis shiga ɗaki ban gane shi ba, Yaya. Na ɗauka baƙo na anka kwantar. Ƙafatai ta yi baƙi har ƙwauri. Mun so a ɗauke shi zuwa asibiti, gulbi bai bari ba.

Ya ga yaron. Ba da ido ba, don idon ya tafi, da hannu yash shafa shi tun daga kai har ƙafa. Yac ce wanga ya yi nauyi, a kai shi Tambuwal a auna. Yay yi dariya.

Mutanen gari na faɗin ni nib bar shi da yunwa nit tafi gidanmu niz zamna. Ina jinsu ta bayan danga. Abin na yi man ciwo ƙwarai, amma ban da bakin magana.

Takardun nan guda biyu da masunci yak kawo sun iso yana da rai. Nic ce a kira Malam Namadi shi karanta mashi, yac ce a'a, maganar taubashi ba a ba baƙo, akwai zagi ciki. Yac ce in ajiye mashi ƙarƙashin matashi, in idonai ya washe shi karanta shi yi dariya shi kaɗai. Ga su nan na maido maki yadda sunka zo, ba a buɗe ba. Takardarki ta bayansu ta iso an riga an yi bakwai, ita ma ga ta.

Yaya, ban san da bakin da zan gode maki ba. Lokacin da babu kowa kansa, ke kinka tsaya mashi kan abincinai, daga nesa, ba ki gaji ba. Kullum sai ya faɗi. Yac ce duk dangi babu mai ilimin Bara'atu, bakinta na da kaifi amma ba ta taɓa cutar shi ba. Allah shi saka maki da alheri.

Saura wasiyya guda da yab bari, ya sa na yi alkawari gaban liman. Yac ce in lokacin yaye ya yi, kada in sa ma yaron komi a baki sai abin da kinka rubuto. Ni ban iya karatu ba, amma Malam Namadi ya ce zai riƙa karanta man.

Yanzu nono yaka sha. In kin samu sarari ki fara rubutowa, Yaya, ina jira.

Ƙanwarki,
Hinde.